Rabin duro da igiya: kwana uku a Tungar Guru

Uwargida, in kin taɓa tsayawa a bakin ƙofa kina hangen ɗanki yana turo kurar ruwa, taya ta nutse cikin yashi, shi kuma ya kafa ƙirji yana nishi, to gyara zama mu yi hira. Ta'aziyya ce ta kai ni Tungar Guru wajen dangin mahaifiyata cikin hunturun da ya wuce, kwana uku kacal. Na yi zaton da alhinin rashi kaɗai zan dawo. Sai ga shi har yau abin da ke yawan faɗo min a rai shi ne wani dattijo masunci, da rabin duron roba, da igiyarsa.

Daga Gusau muka ɗauki hanyar Sakkwato, a Mayanci muka karya hagu zuwa Anka, garin Sarkin Zamfara. Daga Anka hanyar ta miƙe yamma, ita ce mai kai mutum Nasarawar Burkullu da Daki Takwas har Gummi. Mu ba mu kai can ba. Tungar Guru tana cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum, don haka muka rabu da kwalta muka hau babur, kuma daga nan ne ƙasa ta fara nuna mana halinta.

Ba sai na ba ki labarin halin da yammacin Zamfara ke ciki ba, kina ji a rediyo. Abin da rediyo ba ya faɗa shi ne yadda tsoro ya gutsure wa mutane yini. Ba a fita daji sai rana ta ɗaga, ba a kuma yarda la'asar sakaliya ta riski mutum a waje. Aikin da ake yi daga asuba zuwa almuru, yanzu cikin 'yan sa'o'i ake cusa shi. Riƙe wannan a ranki. A can, idan amalanke ya kafe cikin yashi na awa guda, uwa ba gajiyar ɗanta take tunani ba, inuwa take kallo tana ƙara tsawo.

Sunan garin ma ya faɗi asalinsa. Tunga ita ce 'yar rugar da manoma ko masunta ke kafawa kusa da abin nemansu, a hankali ta zama gari. Ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi cike take da tungaye, tsakanin Gulbin Zamfara da ke ratsawa ta Gummi ya nufi Jega, da Gulbin Ka ta kudu. Rafukan da ke zuba cikinsu na damina ne. Ruwa na ɗaukewa su ma su tafi, su bar gadonsu, farin yashi mai laushi wanda ƙafa ke shiga har idon sawu. Da damina kuwa wurin nan dai shi ne taɓo. Wata shida kana faɗa da yashi, sauran kana faɗa da laka, kuma duk abin da gida ke bukata sai ya ratsa ɗaya daga cikinsu: ruwa, itace, damman dawa, taki, buhun niƙa.

Washegarin isata na zauna a ƙofar zaure da hantsi ina kallon masu wucewa. Yawancin masu jan kayan yara ne. Ki yi lissafi da kanki: jarka mai lita 25 kilo 25 ce in an cika ta, ban da nauyin robar. Kura mai jarka goma ta kai kilo 250 ke nan, buhun siminti biyar, kuma yaron da ke bayanta bai fi shekara goma sha uku ba. A kan tsandauri sai ki ga yana tafe yana fito. Yana shiga yashi sai fitar ta yanke.

Cikin haka ne na ga dattijon. Dogo ne siriri, da homa a kafaɗa da gora rataye, sai wata igiya da ya sagala a ƙirji, a bayansa kuma wani shuɗin abu na biye da shi yana sululu a ƙasa kamar rakumi da akala. Dariya ta kuɓuce min. Ya tsaya ya dube ni.

"Ɗiyata, mi kika gani na dariya?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban taɓa ganin irin wannan motar ba."

Ya ce, "Wanga duro ya hi jaki. Ba shi cin dussa, ba shi harbi, ɓarawo ba shi so nai."

Maganar ƙarshen nan ba wasa ba ce. Jakinsa an kore shi tare da shanun gari tun shekarun baya, kuma bai sake saye ba.

Duron roba ne irin shuɗin nan da ake tara ruwa a ciki, aka tsaga shi biyu a tsaye, ya zama kamar komin dabbobi. Bakin gaba ya gasa shi a wuta ya tanƙwara shi sama, kamar goshin kwalekwale. Ya huda ramuka biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya zura igiya ta haɗe a tsakiya, sannan ta miƙe doguwa zuwa gare shi. Inda take hawa ƙirjinsa ya naɗe ta da tsohon zane. Cikin komin akwai taru a naɗe, da birgi, da bokiti, da 'yar ƙwaryar fura a rufe. Ke nan.

Na roƙi gwaggona ta bar ni in bi shi, ta ƙi, sai da ɗanta ya ce zai raka ni kuma za mu dawo kafin azahar. Tafkin yana cikin fadama. Da damina, in ji Baba, ruwa na zuwa kusa da gonaki, amma yanzu ya ja baya, kowane mako sai an ƙara taku kafin a same shi. Zuwa ba shi da wuya, taru busasshe ne. Dawowa ce aiki. Taru in ya sha ruwa, ya kwaso laka da ciyawa, ga dalmar da ke bakinsa, ga kifi a bokiti, mutum ɗaya ba ya ɗora shi a ka. Da can 'ya'yansa ke kama masa. Yanzu ɗaya yana Gusau yana acaɓa, ɗaya yana wajen haƙar zinariya.

Abin da na fara lura da shi shi ne Baba ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya. Inda ni zan yanke ta tsakiyar rafi, shi sai ya kewaya ta gefen da inuwar gaɓa ke faɗawa, inda yashi ke da sauran danshi, ya yi duhu-duhu. Inda babu danshi sai ya bi sawun shanu, wurin da aka riga aka tattake. Na karɓi igiyar na gwada. A kan yashi mai danshi duron ya biyo ni ba gardama. Na ratse taku biyar cikin busasshe, nan take yashi ya taru a goshinsa ya yi tudu, kamar wani ya riƙe ni ta baya. Baba bai ce komai ba. Ɗan gwaggona ne ya yi dariyar da na yi da safe, ya rama wa dattijon.

Da muka zauna a bakin tafki na tuna da wani bidiyo da ƙanena ya turo min ta WhatsApp. Karatu yake a Minisota, can arewacin Amurka kan iyaka da Kanada, jihar da har a lambar motocinta an rubuta cewa ƙasar tafkuna 10,000 ce. Da hunturunsu tafkunan nan daskarewa suke yi, mutane su taka saman ruwa kamar daɓe, su huda rami, su zura fatsa su zauna jiran kifi. Hukumar da ke kula da albarkatun jihar tana gargaɗin kada a taka sai kaurin sabuwar ƙanƙara ya kai inci 4, wajen santimita 10. Kayan su nasu ma ba kaɗan ba ne: abin huda ƙanƙara, tanti, tukunyar gas ta ɗumama jiki, bokiti, kujera. A me suke ɗora su? A wani komin roba mai igiya. Wallahi Uwargida, in ba launi ba, ɗan'uwan duron Baba ne.

Matsalarsu ma irin tasa ce. A kan ƙanƙara tsantsa komin na gudu da ɗan yatsa. Amma in dusar ƙanƙara ta zuba ta yi zurfi, sai faffaɗan cikinsa ya dinga tura ta gaba tana taruwa, mai ja ya jiƙe da gumi cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Dabarar da da yawansu ke yi ita ce su samo tsofaffin allunan zamiya guda biyu, dogaye sirara masu tanƙwararren baki, waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa don sulu a kan dusar ƙanƙara. Sai su haɗa su da katako, su ɗora komin a sama. Cikinsa ya daina taɓa ƙasa, allunan kaɗai ke zamewa. Suna goga musu kaki don santsi. Kaya masu nauyi a ƙasa kuma wajen baya, don goshi ya ɗaga.

Na miƙa wa Baba wayar. Ya kare ta da tafin hannu saboda hasken rana, ya daɗe yana kallo.

"Shi wanga, kihi shika nema cikin ƙanƙara?"

Na ce ƙwarai.

Ya girgiza kai, ya ce Allah mai iko. Na ɗauka nan zai tsaya, ga mutane suna tafiya a kan ruwa. Sai ya sa yatsa a kan gilashin ya ce, "Amma igiyatai ta yi gajarta. Dubi, da hannu shika ja. Kahin shi kai, kahwaɗa ta mutu."

Mutumin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, cikin minti ɗaya ya gano aibin. Kuma gaskiyarsa. Da na ba ƙanena labari ya ce abu na farko da masu sun can ke canzawa in sun sayi komin shi ne igiya, su sa doguwa, wasu su sayi ɗamara ta musamman mai kama ƙugu da kafaɗu. Dalilin a fili yake in kin taɓa ja. Gajeriyar igiya tana sa kaya na bugun dugaduganki, ki karkace gefe guda, hannu ɗaya ya ɗauki duk wahalar. Doguwa kuwa tana ba ki damar miƙewa, ki jingina gaba, nauyin jikinki da cinyoyinki su yi aikin, hannuwa a sake. Ramuka biyun nan da Baba ya huda su ma ba ado ba ne. Igiya a rami ɗaya tana sa komin ya dinga wutsil-wutsil dama da hagu, kowace karkata kuma ƙarfi ne ya tafi a banza.

Na tambaye shi ko zai sa wa nasa alluna biyu irin na Turawan, ko da gwangwala ce, tunda tana da santsi. Ya ce ya taɓa gwadawa. A busasshen yashi siraran sanduna yankawa suke yi su nutse, gara faffaɗan cikin duro. A laka ma haka. Wato a nan kamar ta ƙare: dusar ƙanƙara tana danƙarewa a ƙarƙashin allo ta yi santsi, yashi kuwa watsewa yake yi. Na ji daɗin wannan amsar fiye da in da ya ce to. Mun cika ɗauko dabarar wata ƙasa mu kifa ta a kan tamu ba tare da mun taɓa ƙasar da hannu ba.

Maganar danshin nan kuwa tsohuwa ce ƙwarai. A Masar akwai wani zane a kabarin wani gwamna mai suna Jehutihotef, na wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. An zana jerin mutane suna jan wani ƙaton gunki a kan abin ja na katako, mutum ɗaya kuma a tsaye a goshi yana zuba ruwa a ƙasa. An daɗe wasu na cewa tsafi ne. A 2014 masu bincike a Jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan suka gwada a ɗakin gwaji, suka ga in an jiƙa yashi daidai gwargwado, ƙarfin da ake bukata wajen ja yana raguwa da kusan rabi, domin ruwan na ɗaure ƙwayoyin yashin, ya daina taruwa a gaba. In ruwan ya yi yawa kuma a koma gidan jiya.

Na san wata za ta rubuto a ƙasa ta ce, to mu da muke sayen ruwa, shi za mu zuba wa hanya? A'a, 'yar'uwa. Amma sammako kyauta ne. Yashin da ya kwana da sanyi da raɓa ya fi na azahar ƙarfi, kowane direban da ya saba da daji zai gaya miki. Inda lafiya ta ba da dama, yaro ya yi ɗiban ruwansa da farar safiya ya fi masa.

Kurar ɗanki fa? Da na dawo daga tafki na bi kurori uku na maƙwabtan gwaggona ina dubawa kamar bakanike, yara na bina suna mamaki. Biyu boris ɗinsu a bushe ƙamas, suna kuka tun daga nesa. Giris na kuɗi kaɗan zai rufe musu baki, ya kuma rage wa yaron aiki. Ta ukun tayoyinta sirara ne irin na keke, masu kyau a kwalta, wuƙa a yashi. Faffaɗar taya, ko da tsohuwar ta babur ce, ta fi. Iska ma da lokacinta: a tsandauri taya ta cika tam, a yashi a ɗan sassauta ta don ta baje. Jarkoki su zauna daidai kan gindin tayoyi, kada su rinjaya gaba su danne, kada su rinjaya baya su ɗaga yaro sama. Abin da ya fi burge ni kuwa wata yarinya ce da baro. Tana isa bakin yashi sai ta juya, ta ba shi baya, ta ja shi. Turawa na cusa taya cikin ƙasa, ja na ɗago ta. Ba wanda ya koya mata, baron ne ya koya mata.

Masu amalanke su ma sun san nasu. Kafin su ratsa rafi sai ka ga sun sauka, wani ya jera karan dawa a gaban taya, wani ya kama ta yana juyawa da hannu. Abin da na ƙi gani shi ne duka. Sa ya durƙusa cikin yashi da lodin da ya fi ƙarfinsa, a hau shi da sanda, alhali sauke buhu uku zai tashe shi.

Amma na gane abin da ke kawo lodin. Kowa na son sawu ɗaya, domin sawu na biyu na nufin sake shiga daji, rana kuma ta karkata. Haka jiragen fito ke cika a gulbi. A watan Satumbar 2024 wani jirgin katako ɗauke da manoma masu zuwa gonakinsu ya kife a kusa da Gummi, mutane da dama suka rasu, Allah ya jiƙansu. Baba ya ce shi dokarsa guda ce: in ya ja duron taku goma ya ji numfashinsa ya canza, sai ya rage kaya ya ɓoye a ciyawa, gobe ma rana ce.

Akwai wani kayan da aka taɓa jawowa gida a garin nan wanda ba zan iya tsallakewa ba, tunda da iyaye mata nake magana. In kin taɓa jin sunan Tungar Guru a labarai, to a 2010 ne. A shekarar aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da Bagega. Buhunan dutsen zinariya ne ake kawowa cikin gida, a daka, a niƙa, ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara wajen 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, sannan aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa, a zuba a buhu a fitar, a kawo mai tsabta a shimfiɗa. Aikin ma sai da damina ta tsayar da shi a 2010, don hanyoyin sun ƙi biyuwa, aka ci gaba bayan ruwa ya ɗauke.

Gwaggona ba ta son zancen, ban kuma matsa mata ba. Amma na ga ta tsayar da wani amalanke a ƙofar gida ta tambayi yaron me ya ɗauko jiya kafin ta bari a ɗora mata dawa. Tsohon buhu kuwa, in ba ta san asalinsa ba, ba ya shiga rumbunta. Haƙar ba ta tsaya ba a yankin, kin ji ma ɗan Baba yana can. In naki mijin ko ɗanki na wannan sana'ar, abin da ya ɗauki dutse kada ya ɗauki hatsi ko ruwa, kayan aikin kuma da tufafin su tsaya a waje.

Mun bar tafki rana na tsaka. Kamun bai yi yawa ba, 'yan tarwaɗa da karfasa, rabin bokiti. Baba ya naɗe jiƙaƙƙen tarun ya kwantar da shi a bayan komin, bokiti a tsakiya, ya bar goshi ba komai. Ya ɗebi ruwa da ƙwarya ya watsa wa cikin duron ta waje don ya wanke lakar da ta manne, ya ce laka in ta bushe a jiki ta zama birki. Ya sagala igiya, ya jingina gaba, ya ɗan girgiza komin hagu da dama har taɓo ya sake shi da wata 'yar ƙara, sannan ya taka. Muka biyo gefen inuwa. Ana kiran azahar muna shiga gari, na hango gwaggona a bakin zaure da hannu a goshi. Tana ganinmu ta juya ta shige ciki kamar ba mu take jira ba.

Ranar da zan tafi Baba ya aiko min da tarwaɗa biyu masu ƙyafe a cikin takarda, da saƙo: in gaya wa ƙanena ya faɗa wa mutumin cikin waya ya ƙara igiya. A hanyar fita babur ɗinmu ya kafe a rafin farko. Ɗan acaɓan ya ce, "Hajiya, sauka ki taka." Ya durƙusa ya tsiyaye iska kaɗan daga tayar baya, ya kama kan babur ɗin, ya kewaya da shi ta inda shanu suka bi.